Yadda Ake Raba Dogayen Kalmomin Turanci Na Kwamfuta Gaɓa-Gaɓa, Da Inda Ake Ɗora Nauyin Murya

 Darasinmu na yau ya ɗan sha bamban da waɗanda muka saba, domin kalmomin da muke aiki da su kullum za mu taɓa, ba manhajar kanta ba. Bari in fara da abin da ya sa na zauna na koyi wannan abu.

Shekara biyu da suka wuce na samu damar yin intabiyu ta kiran bidiyo da wani ƙaramin kamfani na ƙasar waje da ke neman wanda zai haɗa musu shafin intanet. Kwana uku na yi ina shiri. Da aka fara, matar da ke yi mini tambayoyi ta ce in yi mata bayanin wani aiki da na taɓa yi. Ina cikin magana na ambaci kalmar parameter, na furta ta yadda na saba ji a bakin abokaina, wato para-MI-ta. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce wataƙila sabis ne ke yankewa. A karo na uku sai na rubuta mata a akwatin saƙo. Tana gani ta yi murmushi ta ce ai pa-RA-mi-ta nake nufi. Daga nan na rikice, kowace doguwar kalma ta zo bakina sai in tsaya ina shakka, har tambayoyin da na san amsarsu na kasa bayaninsu yadda ya kamata. Ban samu aikin ba.

Da na zauna na yi tunani sai na gane inda matsalar take. Yawancinmu da muka koyi haɗa manhaja da kanmu, da ido muka koya. Daga takardun PDF, da shafukan bayani, da saƙonnin kuskure da kwamfuta ke jefo mana. Ido ya san kalmar sarai, kunne bai taɓa jin ta daga bakin masu harshen ba. To, abin daɗin shi ne dogayen kalmomin nan suna da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta kai wahalar koyon JavaScript ba. Manufar darasin ita ce a gane abin da ka faɗa tun a karon farko, kai ma ka gane kalmar da ba ka taɓa gani ba. Ba sai ka koma magana ta hanci kamar Bature ba.

Mece ce gaɓa, kuma me ya sa ta Turanci ke ba mu wahala?

Gaɓa ita ce yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya, kuma kowace gaɓa tana da sautin wasali guda a tsakiyarta. Kalmar makaranta gaɓa huɗu ce: ma-ka-ran-ta.

A Hausa gaɓa iri uku ce kawai. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar ci. Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar kai. Akwai kuma baƙi da wasali da baƙi, kamar nan. Ba mu fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa idan muka aro kalma sai mu cusa mata wasula har ta zauna daidai a bakinmu: brake ta koma birki, plug ta koma fulogi, bread ta koma burodi, screwdriver ta koma sukurudireba.

Turanci kuwa yana iya tara baƙaƙe uku a farkon gaɓa, kamar a script da string da split, kuma yana iya tara har huɗu a ƙarshe, kamar sautukan k, s, t, s da ke ƙarshen texts. Kalmar script gaɓa ɗaya ce tak. Idan ka ce si-ki-rif-ti ka mayar da ita huɗu, kuma wanda ke sauraro zai ɗauka wata kalma ce daban. Wannan ne kuskure na farko da ya kamata mu kiyaye, wato ƙara gaɓar da babu ita.

Yadda ake ƙirga gaɓoɓi

A Hausa abin da ka rubuta kusan shi kake furtawa. A Turanci ba haka ba ne, don haka sautin wasali ake ƙirgawa, ba harafi ba. Kalmar strengths haruffa 9 ce amma gaɓa ɗaya, ita kuwa idea haruffa 4 ce amma gaɓa uku. Kalmar queue, duk da wasula huɗu da ke jere a cikinta, kyu kawai ake cewa. Cache kuma kash ce, gaɓa ɗaya.

Ga abubuwa huɗu da za su taimaka maka:

1. Harafin e na ƙarshen kalma galibi ba a furta shi. Code, file, type da save duk gaɓa ɗaiɗai ne.
2. Idan kalma ta ƙare da baƙi sannan le, wannan yankin gaɓa ce mai zaman kanta: ta-ble, bun-dle, tog-gle, Goo-gle.
3. Ƙarin ed yana zama gaɓa ne kawai idan kalmar ta ƙare da sautin t ko d. Load-ed gaɓa biyu ce, de-let-ed uku. Amma crashed, pushed da merged duk gaɓa ɗaiɗai ne, installed kuma biyu. Cewa kirash-ed kuskure ne.
4. Wasula biyu a jere wani lokaci sauti ɗaya ne, kamar a load da cloud, wani lokaci kuma kowanne da gaɓarsa, kamar cre-ate, cli-ent, Re-act da boo-le-an.

Idan kana shakka, sa bayan hannunka a ƙarƙashin haɓarka ka furta kalmar a hankali. Duk saukar da haɓa ta yi gaɓa ɗaya ce. Dabarar yara ce, amma har yau ina amfani da ita.

A ina ake yankawa?

Wannan ba shi da wahala sosai, ba zan daɗe a kansa ba. Idan baƙaƙe biyu suka zo tsakanin wasula biyu, galibi a tsakaninsu ake yankawa: in-put, but-ton, com-mit, win-dow. Idan baƙi ɗaya ne a tsakani kuma wasalin farko dogo ne, baƙin yana bin gaɓa ta gaba: da-ta, to-ken, o-pen. Idan wasalin farko gajere ne mai nauyi, baƙin yana tsayawa tare da shi: mod-el, pan-el, lim-it. Haruffa biyu masu ba da sauti ɗaya, irin su th, sh, ch da ph, ba a raba su, kamar yadda ba ma raba sh ko ts a Hausa. Shi ya sa ake cewa Py-thon, ba Pyt-hon ba.

Nauyin murya: nan gizo ke saƙa

Hausa harshe ne na karin sauti. Kuka na yaro da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ke bambanta su. Idan baƙo ya sauya karin, sai ka ɗan tsaya kafin ka gane abin da yake nufi. To, abin da karin sauti yake a wurinmu, shi nauyin murya yake a wurin masu Turanci.

A kowace kalmar Turanci mai gaɓa biyu zuwa sama, akwai gaɓa ɗaya da ake ɗora wa babban nauyi. Ana ɗan ja ta, a ƙara mata ƙarfi, a fito da wasalinta sarai. Sauran gaɓoɓin kuma ana wuce su da sauri, wasulansu su raunana su koma wani ɗan sauti mai kama da gajeren a da aka furta da kasala. Masana suna kiran wannan sauti schwa, alamarsa a ƙamus ita ce ə, kuma shi ne sautin wasalin da ya fi yawa a Turanci. Mai sauraro yana gane kalma ne ta inda nauyin ya faɗa. Abin da ya faru da ni a intabiyu ke nan. Haruffan duka na furta su, nauyin ne na ajiye a inda ba wurinsa ba.

A cikin wannan darasi zan riƙa rubuta gaɓa mai nauyi da manyan haruffa. A ƙamus kuwa za ka ga ɗan gajeren layi a sama, ˈ, kafin gaɓar da ke da babban nauyi, da wani a ƙasa, ˌ, kafin mai ƙaramin nauyi. A lura, kafin gaɓar ake sa shi, ba bayanta ba.

Dubi wutsiyar kalma, za ta gaya maka inda nauyi yake

Wannan shi ne babban sirrin. A dogayen kalmomi, ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ke ƙarshen kalma, shi ke yanke hukuncin inda nauyi zai zauna. Kuma daga baya ake ƙirgowa, ba daga gaba ba.

Rukuni na farko: masu jawo nauyi zuwa gaɓar da ke dab da su. Su ne tion, sion, ic, ical, ity da ial.

- ap-pli-CA-tion, en-CRYP-tion, con-fig-u-RA-tion
- VER-sion, ex-TEN-sion, per-MIS-sion
- dy-NAM-ic, spe-CIF-ic, au-to-MAT-ic
- se-CU-ri-ty, func-tion-AL-i-ty, com-pat-i-BIL-i-ty
- tu-TO-ri-al, ar-ti-FI-cial

Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta gyara maka ɗaruruwan kalmomi. Akwai 'yan tsirarun da suka kauce mata, kamar AR-a-bic da POL-i-tics, sai a haddace su.

Rukuni na biyu: masu ajiye nauyi a gaɓa ta uku daga ƙarshe. Su ne ate da ify, da kuma ize a yawancin kalmomi.

- GEN-er-ate, VAL-i-date, IT-er-ate, au-THEN-ti-cate, con-CAT-e-nate
- VER-i-fy, MOD-i-fy, SPEC-i-fy, i-DEN-ti-fy
- OP-ti-mize, CUS-tom-ize, SYN-chro-nize, i-NI-tial-ize

A nan ne mu 'yan Najeriya muka fi sauka daga layi, domin mun saba danna gaɓar ƙarshe, mu ce gene-RATE, veri-FY, opti-MIZE. Tsakaninmu kowa ya gane, amma da zarar ka fita waje sai a fara ce maka ka maimaita.

Kalmomi masu ƙarewa da logy da graphy su ma a gaɓa ta uku daga ƙarshe nauyinsu yake: tech-NOL-o-gy, cryp-TOG-ra-phy. Haka pa-RAM-e-ter, di-AM-e-ter da ther-MOM-e-ter.

Rukuni na uku: waɗanda ba ruwansu da nauyi. Su ne ment, er, ing, ness, ly, ful da less. Inda nauyi yake a tushen kalma, nan yake zama ko an ƙara su. Misalin da ya fi shafarmu shi ne sunan sana'armu: de-VEL-op, de-VEL-op-er, de-VEL-op-ment, de-VEL-op-ing. A dukansu VEL ce ke ɗauke da nauyi. Na yi shekaru ina cewa deve-LOP-er, wato ko sunan aikina ban iya faɗa daidai ba. Haka de-PLOY da de-PLOY-ment, MAN-age da MAN-age-ment.

Rukuni na huɗu: masu ɗaukar nauyin da kansu. Su ne eer, ee, ese da ique: en-gi-NEER, train-EE, Jap-a-NESE, u-NIQUE, tech-NIQUE.

Abin lura shi ne nauyi yana tafiya idan aka sauya wutsiya. Dubi wannan iyali: PHO-to-graph, pho-TOG-ra-phy, pho-to-GRAPH-ic. Tushe ɗaya, nauyi a wuri uku. Haka au-THEN-ti-cate ke komawa au-then-ti-CA-tion, con-FIG-ure ta koma con-fig-u-RA-tion, com-PAT-i-ble ta koma com-pat-i-BIL-i-ty. Don haka kada ka ce tunda ka iya furta uwar, ka iya furta 'ya'yan.

Ƙarin ƙa'idoji uku na gajerun kalmomi

Na ɗaya, akwai kalmomin da suke zama suna kuma su zama aikatau. Idan suna ne nauyi yana gaba, idan aikatau ne yana baya. REC-ord shi ne layin bayani a rumbun bayanai, re-CORD kuma naɗar murya ko bidiyo. OB-ject shi ne wanda muka sani a Java da Python, ob-JECT kuma nuna ƙin amincewa. Haka PROJ-ect da pro-JECT, CON-flict da con-FLICT, AT-tri-bute da at-TRIB-ute.

Na biyu, idan aka haɗa kalmomi biyu suka zama suna ɗaya, ta farko ke ɗaukar nauyi: KEY-board, SOFT-ware, PASS-word, FIRE-wall, SCREEN-shot, DA-ta-base.

Na uku, idan harafi-harafi ake karanta gajartaccen suna, harafin ƙarshe ke da babban nauyi. A USB kan B yake, a HTML kan L, a API kan I.

Sai kuma wasu da muke yawan kuskurewa waɗanda gara a haddace su kawai: com-PO-nent, re-POS-i-to-ry, VAR-i-a-ble, IN-te-ger, CHAR-ac-ter, en-VI-ron-ment, e-VENT, AC-cess, suc-CESS. Ita kuwa de-TER-mine, ƙarshenta min ake cewa, ba mayin ba.

Ginin kalma: yadda za ka gane ma'ana ba tare da ƙamus ba

Mu ma muna gina kalmomi a Hausa. Daga rubuta muka samu marubuci, daga buɗe muka samu mabuɗi, daga karanta muka samu makaranta. Wannan ma ɗin ɗafa-goshi ne. Daga aboki muka samu abokantaka, daga Bature muka samu Turanci. Duk Bahaushe yana jin kalma mai irin wannan ma a gaba ya san ana maganar mai yi ne, ko abin yi, ko wurin yi.

Haka Turanci yake, sai dai yawancin tubalan dogayen kalmominsa daga Latin da Girkanci suka fito. Ga waɗanda muka fi cin karo da su a gaban kalma:

- re: sake, kamar reload, restart
- un da de: warware abin da aka yi, kamar undo, uninstall, decode, decrypt
- pre: kafin, post: bayan
- inter: tsakanin, intra: cikin gida. Bambancin internet da intranet ke nan.
- multi da poly: da yawa
- micro: ƙarami, auto: da kansa, sub: ƙarƙashi, trans: ƙetarewa
- in da a: korewa, wato ba haka ba

Shi in na korewa yana sauya kama gwargwadon harafin da ya biyo shi. Yana nan yadda yake a invalid, ya koma im a immutable da impossible, il a illegal, ir a irregular. Abu ɗaya ne da riguna huɗu.

Wutsiya kuma tana gaya maka aikin kalmar a jimla. Ize, ify da ate galibi aikatau ne. Tion, ment, ity da ness sunaye ne. Er da or mai yi ne ko abin yi, kamar compiler da processor. Able yana nufin abin da za a iya yi masa, don haka clickable abin da za a iya latsawa ne, reusable kuma abin da za a iya sake amfani da shi.

Yanzu mu gwada da asynchronous, wadda ke firgita masu fara JavaScript. A korewa ce, syn na nufin tare, chron na nufin lokaci, ous kuma siffa ce. Ma'ana: abin da ba ya faruwa a lokaci ɗaya da ɗan'uwansa. Ka aika buƙata zuwa saba, ka ci gaba da wani aiki, amsa ta zo daga baya. Furucinta a-SYN-chro-nous. Polymorphism kuma poly da yawa, morph siffa, wato abu ɗaya mai siffofi da yawa. Cryptography, crypto ɓoyayye, graphy rubutu. Ka ga sunan da kansa ya ba ka rabin darasin.

Mu warware internationalization

Haruffa 20 ne a wannan kalma. Tsawonta ne ya sa masu haɗa manhaja suke rubuta i18n, wato i, da haruffa 18 na tsakiya, da n. Da wannan salo aka samu l10n daga localization, a11y daga accessibility, da k8s daga Kubernetes.

Matakin farko, nemo tushe: nation, ƙasa. Ƙara al, national, na ƙasa. Ƙara inter a gaba, international, na tsakanin ƙasashe. Ƙara ize, internationalize, mayar da abu ya dace da ƙasashe daban-daban. Ƙara ation, sunan wannan aikin. A fagenmu yana nufin tsara manhaja yadda za a iya sauya mata harshe, da tsarin kwanan wata, da alamar kuɗi, ba tare da an sake gina ta ba. Idan ana son manhaja ta yi magana da Hausa cikin sauƙi, wannan aikin ake fara yi.

Mataki na biyu, raba gaɓoɓi: in-ter-na-tion-al-i-za-tion, guda takwas. Mataki na uku, dubi wutsiya. Tion ce, don haka babban nauyi yana kan ZA. Mataki na huɗu, fara furtawa daga baya: ZA-tion, i-ZA-tion, al-i-ZA-tion, har ka iso farko. Wannan gini daga baya yana hana harshe sarƙewa, domin kullum kana ƙarewa da yankin da ka riga ka iya.

Wanda ke son ya gwada ƙarfinsa ya ɗauki pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis, mai haruffa 45, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1935 musamman don ta zama doguwa. Idan ka yanka ta za ka samu huhu, da matuƙa, da ƙanƙanta, da sinadarin silika, da dutse mai aman wuta, da ƙura, da cuta. Wato ciwon huhu da shaƙar ƙura mai laushi ke jawowa. Harafin p na farkonta ba a furta shi.

Kada ka yanka inda babu gaɓa

Wannan dabara tana da iyaka. Ba kowane in ne korewa ba. A input, install da insert ma'anarsa ciki. Inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai tana nufin abin da ke kamawa da wuta, daidai da flammable. Wanda ya ɗauke ta a matsayin korewa ya jefa kansa cikin haɗari.

Algorithm ma ba a yanka ta da tubalan Latin. Daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka samu kalmar algebra. Furucinta AL-go-rith-m, gaɓa huɗu. Emoji kuma ba ta da alaƙa da emotion. Japananci ce: e hoto, moji harafi.

Akwai kuma kalmomin da aka guntule biyu aka liƙa. Bit daga binary digit, modem daga modulator da demodulator, malware daga malicious software, blog daga web log. Mu ma da kanmu muna gina irin waɗannan dogayen sunaye a kullum. GetElementById kalmomi huɗu ne aka jera, manyan haruffa suka nuna mahaɗarsu.

Inda wannan ya shafi aikin shafin intanet

Idan ka taɓa ganin doguwar kalma ta fita daga akwatinta a fuskar ƙaramar waya, maganin yana cikin wannan darasi. CSS yana iya raba kalma a ƙarshen layi, amma sai ka gaya wa burauza harshen da rubutun yake:

```html
<p lang="en" style="hyphens: auto">internationalization</p>
```

Idan ba ka sa lang ba, burauza ba ta san ƙa'idar wane harshe za ta bi ba, sai ta bar kalmar yadda take. Idan kuma kana son ka zaɓi wuraren yankan da kanka, sa &shy; a cikin kalmar:

```html
inter&shy;national&shy;ization
```

Alamar ba ta bayyana sai in layi ya ƙare a wurin. Da ita za ka iya raba dogayen kalmomin Hausa ma daidai da gaɓoɓinsu. Hanyar da kwamfuta ke bi wajen gano inda za ta yanka ta shahara ne da aikin Frank Liang a Jami'ar Stanford a 1983, wanda TeX na Donald Knuth ke amfani da shi, kuma manhajoji da dama suka gada. Duk da haka kalma irin record tana ba na'ura wahala, domin suna rec-ord ake yanka shi, aikatau kuma re-cord, kuma haruffa kaɗai ba su nuna wanne ake nufi ba.

Bari Python ta duba maka

Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka tana da ƙamus na furuci kyauta mai kalmomi sama da 130,000, bisa Turancin Amurka. Kowane wasali a ciki yana ɗauke da lamba: 1 babban nauyi, 2 ƙaramin nauyi, 0 babu nauyi. Tunda kowace gaɓa wasali ɗaya gare ta, ƙirga lambobin daidai yake da ƙirga gaɓoɓi. Girka nltk da pip, sannan ka rubuta wannan:

```python
import nltk
nltk.download("cmudict")
from nltk.corpus import cmudict

kamus = cmudict.dict()

def duba(kalma):
    sautuka = kamus[kalma.lower()][0]
    nauyi = [s[-1] for s in sautuka if s[-1].isdigit()]
    print(kalma, len(nauyi), "-".join(nauyi))

duba("development")
duba("application")
duba("parameter")
```

Development za ta ba ka 4 da 0-1-0-0, application 4 da 2-0-1-0, parameter kuma 4 da 0-1-0-0. Sau ɗaya ake sauke ƙamus ɗin, daga nan ba ya cin data. Idan kalmar ba ta ciki zai ba ka KeyError, gyara wannan na bar maka. Sai dai lamba ba ta maye gurbin kunne. Buɗe ƙamus na Cambridge ko Merriam-Webster a intanet, latsa alamar lasifika, ka saurara, ka maimaita da ƙarfi. Wasu kalmomin Ingila da Amurka sun saɓa a kansu, kamar router, wadda a Ingila ake cewa ruta, a Amurka kuma galibi rauta. Kowanne ka ɗauka daidai ne, ka dai tsaya a kan ɗaya.

Aikin gida

Raba waɗannan, ka nuna inda babban nauyi yake kafin ka dubi amsa: notification, responsibility, biometric, deprecated, virtualization, interoperability.

Amsa: no-ti-fi-CA-tion, gaɓa 5. Re-spon-si-BIL-i-ty, 6. Bi-o-MET-ric, 4. DEP-re-cat-ed, 4, domin tushenta DEP-re-cate ne kuma ed bai motsa nauyin ba. Vir-tu-al-i-ZA-tion, 6. In-ter-op-er-a-BIL-i-ty, 8.

Abin da ni nake yi shi ne, duk ranar da na ci karo da sabuwar doguwar kalma a wurin aiki, sai in rubuta ta a wani fayil, in raba ta, in sa manyan haruffa a gaɓar nauyi, in furta ta sau biyar. Kafin kowane kiran bidiyo kuma ina karanta jerin daga sama har ƙasa. Fara da kalmomi goma da ka fi faɗa a aikinka, ka naɗi muryarka a waya, ka kwatanta da ta ƙamus. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.